Amsoshi Bakwai da Ba Su Fito Ba

Kada ka ce ba ka taɓa gani ba. Ka gani. Ka buɗe wata tattaunawa a zauren intanet ɗin da kake shiga, a sama an rubuta amsa goma sha ɗaya, ka ƙirga da idonka ka samu huɗu, ka taɓe baki ka ce laifin waya ne, ka wuce abinka. Ba ka tambayi inda sauran suka shiga ba, don ba ƙwanka ba ne a cikin inji. To gyara zama ka ji abin da wannan halin namu na ko-in-kula ya jawo wa Auta da gwaggonta.

Gwaggo ta shekara ashirin tana kiwon kaji a bayan gidanta, da ƙananan injinan ƙyanƙyasa masu cin ƙwai ɗari-ɗari. Bana ne ta yi ta maza ta sayi babba, wanda sai da aka cire ƙyauren ɗaki kafin ya shiga. Tire goma sha biyu ne a cikinsa, jere daga ƙasa har sama, ƙwai dubu uku cif. Auta, 'yar ƙaninta, ta gama jami'a tana jiran aiki, ita ce mai karanta littafin injin. Idan Gwaggo tana son a yi mata aiki sai ta kira ta Injiniya, idan faɗa take so sai ta koma Auta.

Ranar da ƙwan ya cika kwana goma sha tara, saura kwana biyu a fara jin kukan 'yan tsaki, da misalin ƙarfe tara na safe injin ya yi ƙara sau uku ya yi tsit. Wuta na nan, fitilar ɗakin na ci. Amma fankar injin ta tsaya, hitarsa ta mutu, ɗan allon da ke gaba yana ta ƙyafta E3 da jan rubutu. Auta ta buɗe littafin. Abin da aka rubuta a gaban E3 layi ɗaya ne: a kira kamfani. Ta kira, wata mace mai sanyin murya ta ce ma'aikacinsu yana wani gari, sai jibi in Allah ya yarda. Gwaggo ta ce a gaya mata jibi gawa zai zo ɗauka.

Nan Auta ta tuna da Rumfa.

Rumfa zaure ne na masu gyara da masu sana'a, yayanta ne ya kafa shi a wata tsohuwar kwamfuta da ke shagonsa. Irin waɗannan zaurukan ba na kamfani ɗaya ba ne. Kowa na iya buɗe nasa, ya tara mutanensa, ya sa dokarsa, zaurukan kuma suna miƙa wa juna saƙo kamar maƙwabta ta kan katanga, har mutumin wannan zaure ya yi hira da na wancan ba tare da ya bar gidansa ba. Tsari ne mai kyau, babu mai musu. Babu attajiri ɗaya da zai tashi da safe ya kashe wa kowa baki. Sai dai mun karɓi daɗin mun runtse ido a kan sauran, kamar wanda ya sayi gida don kyan fenti bai leƙa rufi ba.

Ta rubuta E3 a gurbin bincike. Babu komai. Ta rubuta sunan injin, aka kawo mata wani yana kukan firijinsa. Binciken Rumfa abin da ya taɓa ratsa Rumfa kawai yake dubawa, ko shi ma ba duka ba. Ta koma babban binciken intanet, aka cika mata ido da tallan sababbin injina, domin yawancin ƙananan zauruka ba sa barin a kwashi maganarsu a kai can. Sai ta kama alamar da masu kiwo ke liƙa wa saƙonninsu, ta dinga ja da babban yatsa, wata bayan wata, hoton zakara, cigiyar magani, gardamar abincin kaji, har ta yi baya da wata goma sha huɗu.

Ga shi nan. Wani mai kiran kansa Mai Talo-talo: inji iri ɗaya, E3, kwana goma sha tara. Auta ta yi tsalle har kanta ya kusa taɓa fitila.

Amsar farko ta ce a lulluɓe injin da bargo, a toshe ramukan iska, kada zafi ya fita kafin mai gyara ya zo. Magana ce da ta shiga kunnen Gwaggo kai tsaye, don haka take yi wa ƙananan injinanta duk ranar da aka ɗauke wuta. Kafin ka ce kwabo sun kwaso barguna biyar, da zanen gado, da labulen falo, sun naɗe injin kamar mai zazzaɓi. Suka bar ɗan gilashin ƙasa kawai, inda ma'aunin zafi ke rataye. Da ma ya sauko daga talatin da bakwai da rabi zuwa talatin da biyar. Suka zuba masa ido. Ya tsaya a nan, bai ƙara sauka ba. Gwaggo ta dafa kafaɗar Auta ta ce ashe dai karatun nan ba a banza aka yi ba.

Da hankali ya ɗan kwanta ne Auta ta koma ta karanta sauran. Amsa ta biyu addu'a ce. Ta uku wani ne ya ce yana bin zancen. Ta huɗu Mai Talo-talo ne da kansa, ya fara da ambaton wani suna, Mai Gilashi na Tsohon Benci, sannan ya rubuta: "Baba, Allah ya saka da alheri. Da na ƙara awa ɗaya a kan shawarar farko, da yau ba na cikin masu kiwo."

Ta sake karantawa. Ta ja sama, ta ja ƙasa. Babu wani Baba a cikin amsoshin. A saman tattaunawar kuwa an rubuta goma sha ɗaya. Wato akwai bakwai da ba ta gani, kuma ɗaya daga cikinsu ta ce shawarar da suka gama bi yanzun nan kisa ce. Ba ta dai san ta wace hanya ba.

Ta danna adireshin zauren da Mai Talo-talo ya yi tambayar, ko za ta ga komai a can. Zauren ya rufe tun bara, mai shi ya gaji ya kashe kwamfutarsa. Ta nufi Tsohon Benci, zauren da Mai Gilashin yake. Shafin ya ce sai ɗan gida ke ganin abin da ke ciki, mai son shiga ya cika takarda, mai zaure yana duba takardu ranar Asabar. Ranar kuwa Talata ce.

Ta gaya wa Gwaggo ko a cire bargunan. Gwaggo ta nuna mata ma'aunin zafi ta ce ita abin da idonta ke gani take bi, ba za ta tsiraita ƙwai dubu uku a kan maganar da ko mai karanta ta bai gani ba. Auta ita ma ba ta san ko bargon ne laifin ko toshe ramukan ba, ko wani abu dabam. Abu ɗaya ta sani: sunan Mai Gilashi ba baƙo ba ne a gidansu. Shi ya koya wa yayanta gyara, shekara shida. Ta kira Yaya sau uku bai ɗauka ba, ta ja babur ɗin da suke kai ƙwai da shi ta fita.

Shagon Yaya ɗan tsukuku ne, talabijin huɗu a buɗe ta baya, warin dalma ya cika ko'ina. A ƙarƙashin tebur kwamfutar Rumfa take, tana huci, an ɗora mata kofin shayi a ka. Mutum ɗari tara ke hira a cikin wannan akwati, kuma Yaya ba ya barin baƙo ya fita bai ji wannan adadin ba. Ya ɗago ya ga ƙanwarsa da gashin kaza a mayafi, ya fara tsokanarta da Hajiyar kaji, sai ta ɗora masa wayar a kan abin da yake gyarawa.

Ya karanta, ya ga sunan, ya mayar da kai kan aikinsa. Ya ce ai Rumfa ba ta hulɗa da Tsohon Benci, ya rufe wannan ƙofar shekara biyu ke nan, duk abin da mutanen can suka rubuta ba ya fitowa a nan.

Auta ta san an yi saɓani, ba ta san girmansa ba. Yanzu ta ji. Wata rana Yaya ya sa hoton wani liƙin dalma da ya yi yana alfahari, tsohon maigidansa ya zo ƙarƙashin hoton, a gaban jama'ar zauruka biyu, ya rubuta cewa wannan ba liƙi ba ne, kashin kaji ne. Mutane suka yi ta dariya kwana uku. Yaya ya shiga ya danna maɓalli ɗaya, ya rufe tsohon, ya haɗa da mutum ɗari huɗu da ke zaurensa. Bai sanar da kowa a Rumfa ba. Babu kuma wanda ya tambaya. Mutum ɗari tara, masu gyaran abin da ya fi gashi siranta, shekara biyu suna karanta rabin hira suna gyaɗa kai.

"Yaya, saboda kashin kaji?"

"Ba ki san yadda abin ya yi ciwo ba."

"Ƙwai dubu uku ne, da kaji na gaske a ciki. Buɗe."

Ya yi gunaguni a kan ƙannen zamani da ba sa gaisuwa kafin umarni, amma ya jawo allon ya buɗe. Auta ta sabunta shafin. Huɗu. Ta sake. Huɗu. Yaya ya sosa ƙeya ya ce buɗe ƙofa sabon saƙo kawai yake shigo da shi, abin da aka kora a baya ba ya dawowa da ƙafarsa, sai an kawo adireshin saƙon an liƙa da hannu. Adireshin kuma sai wanda ke cikin Tsohon Benci ke iya ganinsa.

Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura kwata. Bargunan sun haura awa ɗaya a kan injin. Auta ta ɗauki wayar yayanta daga cikin tarkacen sukurori ta miƙa masa. Ya dubi wayar kamar an miƙa masa kunama. Ya ce ƙila ma tsohon ya canza lamba. Ya ce ƙila yana barci. Da ya ga ba za ta sauke hannu ba, ya karɓa ya lalubo lambar, Auta ta leƙa ta ga sunan da ya ajiye ta da shi: Kada A Ɗauka.

Bugu biyu aka ɗauka.

"Wa nake ji kamar Kashin Kaji?"

"Ni ne, Baba. Ina wuni."

"Da safen ne ake ina wuni? Ashe har gaisuwar ma liƙin banza kake yi mata."

Auta ta fizge wayar ta saki lasifika. Ta gaishe shi a gurguje ta zayyana masa komai: injin, E3, tsohuwar tambayar Mai Talo-talo, amsar da ba sa gani. Tsohon yana ta 'yar dariyarsa har ta ambaci bargo. Nan dariyar ta yanke. Ya tambayi kwana nawa ƙwan ya yi. Ta ce sha tara. Ya tambayi tun yaushe aka rufe. Ta faɗa.

"A cire yanzu, 'yata. A buɗe ramukan iska, a ɗan sassauta ƙofar. Yanzu, ba in an jima ba."

Ya yi bayanin da sauri. Ƙwan da ya kai kwana sha tara ba ƙwai ba ne kuma, ɗan tsako ne mai numfashi, jikinsa na fitar da zafi. Ɗari a ƙaramin inji ba komai ba ne, shi ya sa bargo ke yi musu amfani. Amma dubu uku a akwati ɗaya, babu fanka, kamar a cusa jama'a a ɗaki ne a kulle taga. Zafin duk sama yake tafiya. Ma'aunin da ke ƙasa zai yi ta nuna sanyi alhali na sama suna dahuwa.

Auta ta kira Gwaggo da tata wayar. Gwaggo ta ce ma'auni na nan a talatin da biyar lafiya lau, kada a dame ta. Auta ta yi magiya, Gwaggo ta ce ita da ta yi kiwo tun mai magiyar tana wasan ƙasa. Sai Auta ta yi abin da zaurukan nan biyu suka kasa yi shekara biyu: ta saki lasifikar wayarta ita ma, ta haɗa wayoyin biyu baki da baki a kan teburin dalma.

"Baiwar Allah, ki yaye bargon nan."

"Wane ne wannan mai ba ni umarni a cikin gidana?"

"Wani tsoho ne da ba shi da aikin yi. Kada ki yarda da ni. Ki buɗe ƙofar kaɗan, ki sa hannu a tiren da ya fi kowanne sama, ki gaya mini abin da kika ji."

Suka ji takun silifas, suka ji jan kujera, suka ji ƙarar ƙofar ƙarfe. Auta da Yaya suka sunkuya kan wayoyin. Sannan muryar Gwaggo ta fito ƙasa-ƙasa tana salati, bayanta kuma ƙarar barguna suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Yaya bai tsaya rufe shago da kyau ba. Ya zuba sukudireba da burushi da kwalbar sinadarin goge waya a aljihu, ya haye bayan babur, ƙanwarsa na tuƙi, wayar na manne a kunnensa. Tsohon na ba shi karatu a hanya: a bayan fankar akwai wani ɗan farin soket, shi ke ɗauke da wayar da ke gaya wa injin yawan zafi. A kwanakin ƙarshe ana ƙara ruwa don laima, laimar ke taruwa a bakinsa, injin ya daina jin zafin, sai ya kashe komai don tsoro. A zare, a goge, a busar, a mayar.

Sun tarar da Gwaggo ta buɗe tagogi, tana tsaye a kan kujera tana yi wa tiren sama fifita da murfin kwali, zufa har haɓa. Yaya ya kashe injin, ya kwance bayansa, ya cusa kai. Soket ɗin na nan inda aka ce, bakinsa ya yi kore. Yana gogewa tsohon na tambaya ta lasifika ko har yanzu hannun nan nasa na rawa kamar da, Gwaggo na cewa a bar mata yaro ya yi aiki, tsohon na cewa ai shi ya raini hannun, yana da ikon zaginsa. Auta ta ga gefen bakin Yaya na motsi, yana danne murmushi.

Ya mayar da soket, ya ɗaure, ya ce wa Auta ta kunna. Ta danna. Jan rubutun ya ƙyafta sau ɗaya, ya ɓace. Lambobi suka fito kore. Sai fankar ta ja numfashi, ta juya a hankali, ta kama gudu, iska mai ɗumi ta bugi fuskokinsu. Gwaggo ta sauko daga kujera ta zauna daɓas a kan tarin barguna tana dariya da hawaye tare. Auta ta rungume yayanta da dattin hannunsa da komai. Daga cikin wayar tsohon ya ce ya ji ƙarar, fankar nan ma tana son mai, amma wannan karatun wata rana ne.

Ranar Alhamis da hantsi ɗakin ya cika da kuka, irin wanda sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Tire goma sun fashe da 'yan tsaki, rawaya, jiƙaƙƙu, suna tattaka juna. Auta na kwasa tana zubawa a kwali, ta rasa inda za ta sa ƙafa don murna. Tire biyun sama kuwa shiru. A cikin ƙwai ɗari biyar, ashirin da 'yan kai ne suka fito. Gwaggo ta sauke su da kanta, ta daɗe tana kallonsu, ta ce awa ɗayan nan ce. Ba ta ɗora wa kowa laifi ba, ta ce hannunta ne ya shimfiɗa bargon.

Hannunta ne, gaskiya. Amma maganar da za ta hana ta tana nan a rubuce wata goma sha huɗu, sau bakwai ma, don da tsohon ya turo musu adireshin suka liƙa, sai ga shi duk bakwai ɗin mutanen Tsohon Benci ne, kowa na cewa a cire bargo. Da yammacin ranar Auta ta tsare yayanta a shago sai da ya buɗe mata jerin zaurukan da Rumfa ta rufe wa ƙofa. Goma sha bakwai ne. Huɗu sun cancanta, masu zagi ne da masu damfara, kowa zai rufe su. Sauran sha ukun ya yi ta kallon sunayensu yana ƙoƙarin tuna abin da suka yi masa. Ya tuna biyu. Ta sa shi ya manna jerin a ƙofar Rumfa inda kowa zai gani, da dalili a gaban kowane suna, wanda babu dalili kuma ya buɗe.

Kai ma kana da zaure, kuma zaurenka yana da mai shi, mutum ne mai zuciya irin ta Yaya. Kada ka jira ranar da abinka zai shiga inji. Yau ɗin nan, kafin ka ajiye wayar, rubuta masa a fili inda jama'a za su gani: ya fito da jerin ƙofofin da ya rufe, ya faɗi dalilin kowace ɗaya. In ya yi shiru ka sake tambaya gobe.